Al'adar karatu a ƙasar Hausa: ƙagaggun labarai, littattafan zane da na girke-girke

Sau da yawa akan ji ana kokawa cewa Hausawa ba su damu da karatun littattafai ba. Amma wanda ya taɓa shiga kasuwar Sabon Gari ko ta Kurmi a Kano a shekarun 1990, ya ga yadda ake rububin ƙananan littattafan labarai, zai yi wuya ya amince da wannan magana gaba ɗayanta. Abin da tarihi ya nuna shi ne, Hausawa sun karanta abin da ya iso hannunsu cikin harshensu, a kan farashin da za su iya biya. Ƙagaggun labarai sun sami wannan hanya, saboda haka suka bunƙasa. Littattafan zane da na girke-girke kuwa ba su same ta sosai ba, suka kasance a baya.

Tushen abin

Tun kafin zuwan Turawa akwai karatu a ƙasar Hausa, sai dai karatu ne na neman ilimin addini. Ɗalibi kan fara da Alƙur'ani a makarantar allo, sa'an nan ya zarce zuwa littattafai irin su Ahalari da Ishmawi da Risala a zauren malami. Malaman jihadi na ƙarni na 19, ciki har da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sun yi amfani da rubutun ajami wajen tsara waƙoƙin wa'azi da Hausa da Fulatanci. Labaran nishaɗi kuwa a baka suke, wato tatsuniya da almara da hikaya.

A shekara ta 1933 ne Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin jagorancin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

Daga 1937 zuwa 1939 Abubakar Imam ya fitar da Magana Jari Ce cikin littattafai uku. A 1939 ɗin aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma shi ne editanta na farko Bahaushe. Daga bisani kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, da hukumar NORLA ta shekarun 1950, wadda ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da shirin Yaƙi da Jahilci, da kuma kamfanin NNPC na Zariya da aka kafa a 1966, su ne suka riƙe harkar ɗab'i. Galibin littattafansu ta hanyar makarantu suke isa ga jama'a, wato manhaja ce ke zaɓa wa mai karatu abin da zai karanta.

Adabin Kasuwar Kano

Al'amura sun sauya a shekarun 1980. Shirin ba da ilimin firamare ga kowa da aka ƙaddamar a 1976 ya samar da ɗimbin matasa, maza da mata, da suka iya karatun boko da Hausa. A ɗaya hannun kuma, taɓarɓarewar tattalin arziki da tsadar takarda sun durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i. Sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kansu a ƙananan maɗaba'u, suna raba labari ɗaya gida biyu ko uku domin kuɗin kowane kashi ya yi sauƙi.

Ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama sun taka rawa wajen haɗa ƙarfi da tallata littattafan juna. Daga Kano dillalai ke kai su sauran biranen Arewa, har da Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Wanda ba shi da kuɗin saye yakan je shagon haya ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya karanta ya mayar. Littafi guda kan zagaya gidaje da yawa a unguwa, kuma gidajen rediyo sun riƙa karanta wasu a kan iska, abin da ya kai su ga waɗanda ba su iya karatu ba. A wannan zamani, shawarar ƙawa ko ta mai shago ita ce ke ɗaga littafi ko ta kwantar da shi.

Manazarcin adabi Ibrahim Malumfashi ne ya yayata sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta littattafan da waɗanda aka yi yayi a kasuwar Onica. An shafe shekaru ana muhawara a jaridu tsakaninsa da masu kare marubutan, irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme. Masu suka na cewa littattafan ba su da inganci, kuma suna ɓata tarbiyyar 'yan mata. Masu kariya kuwa na cewa sun sa mata karatu, sun kuma fito da batutuwan auren dole da kishi da saki da ilimin 'ya mace fili. Taƙaddamar ta kai ga a shekara ta 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta jihar Kano ta ƙone wasu daga cikin littattafan a bainar jama'a.

Daga ina mai karatu zai fara?

Wanda ke son ɗanɗana zaƙin harshe, babu kamar ya fara da Ruwan Bagaja, inda tafiye-tafiyen Alhaji Imam da ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe ke cike da raha, sa'an nan ya bi da Magana Jari Ce. Shaihu Umar labari ne mai natsuwa a kan bauta da rabuwar uwa da ɗa, an fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, kuma Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976.

So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980 bayan wata gasa ta NNPC, shi ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labari na farko da aka buga wa mace da Hausa. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, dukkansu na farkon shekarun 1980, sun dace da mai son labarin da ya taɓo fasa-ƙwauri da rashawa da ta'addanci.

Daga cikin littattafan Kano, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino yana cikin waɗanda suka fi shahara, kuma ya ta'allaƙa ne a kan soyayyar 'yar mai kuɗi da ɗan talaka. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, ya ba da labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta bayan ya yi amarya. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, wani kamfani na ƙasar Indiya ya buga a 2012. Akwai kuma Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da 'Yartsana na Ibrahim Sheme.

Ga masu karanta Ingilishi, littafin Abubakar Adam Ibrahim mai suna Season of Crimson Blossoms ya lashe gasar adabi ta kamfanin NLNG a 2016, wadda kyautarta ta kai dala dubu 100.

Littattafan zane

A wasu ƙasashe, labarin da ake bayarwa cikin jerin zane-zane babban fage ne na adabi, ba na yara kaɗai ba. A Japan, alal misali, kamfanin da ke buga One Piece ya sanar a 2022 cewa kwafen da aka buga sun haura miliyan 500.

Nijeriya ma ta san irin wannan karatu. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970, mujallar African Film ta kamfanin Drum ta yi tashe da labaran jarumi Lance Spearman, waɗanda aka tsara da hotuna maimakon zane. A 1976 Wale Adenuga ya fara buga mujallar barkwanci ta Ikebe Super a Legas, inda aka san Papa Ajasco. Amma duk waɗannan da Ingilishi ne ko Burokan.

Da Hausa, zane ya fi zama a matsayin ado a cikin littafi, ko zanen barkwanci a jarida, ko kuma ƙasidun faɗakarwa kan kiwon lafiya da hukumomi ke rabawa. Dalilan ba su da wuyar ganewa. Buga zane ya fi buga rubutu tsada, kuma sai an biya mai zane ban da marubuci, alhali kasuwar ta ginu ne a kan araha. Da yawa daga cikin iyaye na kallon irin waɗannan littattafai a matsayin wasan yara, wasu kuma na da ƙyamar zana abu mai rai saboda dalilai na addini. Daɗin daɗawa, a daidai lokacin da kasuwar littattafai ta kankama a shekarun 1990, fina-finan bidiyo na Hausa suka ɓullo suka janye masu son ganin labari da ido.

Duk da haka akwai abin karantawa. Aya de Yopougon na Marguerite Abouet da Clément Oubrerie, wanda ya fara fitowa da Faransanci a 2005, ya nuna rayuwar 'yan mata a wata unguwa ta Abijan a ƙarshen shekarun 1970, kuma ya sami lambar yabo a bikin Angoulême na Faransa a 2006. On Ajayi Crowther Street na Elnathan John da Alaba Onajin ya fito a 2019. Ga yara kuwa, shafin African Storybook na intanet yana ɗauke da labarai masu hotuna da Hausa waɗanda ake karantawa kyauta.

Littattafan girke-girke

Rubuta yadda ake girki tsohuwar al'ada ce a duniyar Musulmi. A ƙarni na 10 Ibn Sayyar al-Warraq ya tattara girke-girke fiye da 600 na fadar halifofin Bagadaza a cikin Kitab al-Tabikh, wanda Nawal Nasrallah ta fassara zuwa Ingilishi a 2007. A Nijeriya an buga Miss Williams' Cookery Book tun a 1957, sa'an nan a baya-bayan nan aka sami Longthroat Memoirs na Yemisi Aribisala a 2016 da My Everyday Lagos na Yewande Komolafe a 2023. Sai dai waɗannan sun fi karkata ga abincin kudancin ƙasar.

A ƙasar Hausa, girki a madafa ake koyonsa, daga uwa ko kaka ko gwaggo, kuma ma'auninsa ido ne da hannu da ludayi da gwangwani. Abin da aka fi samu a rubuce shi ne ƙananan littattafai da ake saya wa amare, da shafukan mata a jaridu da mujallu. Wasu marubuta mata ma kan saka bayanin girki dalla-dalla a cikin labaransu, har mai karatu ta koyi wani abu daga jarumar littafin.

A yau Facebook da YouTube da WhatsApp sun karɓe wannan aiki, amma abin da ya fi yawa a cikinsu girkin zamani ne. Yadda ake sarrafa kalwa ta zama daddawa, ko yadda ake tsayar da alkaki da nakiya da dubulan na gara, ko bambancin burabuskon wani gari da na wani, ilimi ne da har yanzu galibinsa ke ƙirjin tsofaffi. Littafin girki nagari shi ne wanda ya faɗi ma'auni da tsawon lokaci, ya ambaci kayan da ake samu a kasuwar kusa, ya kuma bayyana inda girkin ya samo asali.

Halin da ake ciki

Wayar hannu ta rage wa littafin takarda kasuwa ƙwarai, kuma shagunan haya da dama sun rufe. Marubuta da yawa yanzu suna sakin labaransu babi-babi a Wattpad ko a zaurukan WhatsApp, masu karatu na biyan kuɗi ta banki kafin a tura musu ci gaba. Gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, da bikin baje kolin littattafai da fasahar Hausa da aka fara a Kaduna a 2021, sun fito da sababbin sunaye.

Babbar matsalar ita ce ta adanawa. Dokar Babban Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi a Nijeriya ya miƙa kwafe uku, amma da yawa daga cikin littattafan Kano ba su bi ta wannan hanya ba, wasu ma ba su ɗauke da shekarar bugu. An buga su a kan takarda marar ƙwari, kuma ba a sake buga akasarinsu ba. Wasu daga cikin tarin da suka tsira suna hannun manazarta ne da jami'o'i, ciki har da makarantar SOAS ta London, inda Graham Furniss ya tattara wani kaso. Labaran da ke kan waya sun fi waɗannan rauni, domin rufewar dandali guda kan tafi da su, kamar yadda aka gani lokacin da OkadaBooks ya daina aiki a 2023.

Saboda haka duk wanda ke da tsofaffin littattafan Hausa a akwati ko a ƙarƙashin gado, yana riƙe ne da wani abu da mai yiwuwa babu shi a laburare. Sassan nazarin Hausa na jami'o'i irin su Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato su ne wuraren da ya fi dacewa a kai irin waɗannan littattafai, ko a ba da aronsu a ɗauki hotonsu kafin gara ta riga kowa.