Tarin Shiƙa da Yaran da Garkuwarsu Ta Raunana: Waiwaye Daga Nassarawa

A unguwar Nassarawa ta Kano, inda Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa kansu mazauni bayan cin garin a 1903, akwai gine-gine biyu da nake kallo a matsayin shaidun tarihin riga-kafi a jihar nan: Gidan Gwamnati, da tsohon Asibitin Nassarawa, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Muhammad Abdullahi Wase. A ɗaya ake yanke hukunci, a ɗayan ake ganin sakamakonsa a jikin yara.

Tarin shiƙa tsohon baƙo ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun san yaron da ke tari babu ƙaƙƙautawa har numfashi ya ɗauke, sannan ya ja iska da ƙara, sau da yawa amai ya biyo baya. A 1906 Jules Bordet da Octave Gengou suka ware ƙwayar cutar. A shekarun 1930 wasu mata biyu a Amurka, Pearl Kendrick da Grace Eldering, suka samar da allurar da ta yi aiki. A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tarin cikin cututtuka shida da ta ƙudurta kare yaran duniya daga gare su.

Ana cikin wannan gwagwarmaya sai wata sabuwa ta ɓullo. A 1986 Nijeriya ta sanar da samun mai ƙanjamau na farko. Allurar riga-kafi koyarwa take yi: tana nuna wa garkuwar jiki kamannin abokin gaba domin ta shirya masa. To, ƙwayar HIV sojojin da ke ɗaukar wannan darasi take kashewa. Shi ya sa yaron da ke ɗauke da ita kan samar da kariya kaɗan, kuma takan dushe da wuri. Wani bincike da aka wallafa a 2011 kan jariran Afirka ta Kudu ya nuna cewa ko waɗanda ba su kamu ba, in mahaifiyarsu na da cutar, ana haifarsu da ƙarancin kariyar da uwa ke ba ɗanta a ciki, amma jikinsu na amsa allurar sosai idan an yi musu.

Irin wannan yaro yana dogara ne da allurar da aka yi wa 'ya'yan maƙwabta, domin su ne katangarsa. A nan tarihin Kano ya cutar da shi. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo a zukata. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da riga-kafin shan inna, ba a dawo da shi ba sai a 2004. Zargin da ya faɗa kan ɗigon baki bai bar sauran allurai ba.

A 2012 Nijeriya ta fara amfani da allurar penta, mai kare cututtuka biyar, wadda ake yi a mako na 6, na 10 da na 14. Duk da haka, mashaƙon da ya ɓarke a ƙarshen 2022 ya fi yin ɓarna a Kano. Allura ɗaya ce ke tare mashaƙo da tarin shiƙa, don haka duk ƙofar da wancan ya bi a buɗe take ga wannan.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, allurar ba ta da rayayyar ƙwaya, ba za ta sa wa yaro cuta ba, kuma fara ba shi maganin HIV da wuri na ƙarfafa amsar jikinsa. Gwajin mai juna biyu, magani a kan lokaci, da cika allura uku su ne haƙƙinsa a kanmu. Amma uwar da ke tsoron tsangwama ba za ta kai shi asibiti ba, kuma wannan tsoro mu ne muka dasa shi, mu ne kuma za mu cire shi.