Tsohuwar Bindigar Kaka Ba Gwangwan Ba Ce

Yau ina magana ne kan tsofaffin bindigogin toka da ke rataye a ɗakunan maharba, daga Turawa har Ƙaraye da Rogo.

Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka shigo da bindigogi tare da garkuwoyi daga Nufe. Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. Kun ga abin ya girmi zuwan Bature a 1903 nesa ba kusa ba.

To, yaya ake gane mai daraja? Duba ƙotar, ko gara ta ci. Duba kunamar, ta asali ce ko maƙeri ya sauya. Sai gindin bututun, nan ake samun tambarin masana'anta, irin na Birmingham ta Ingila. Kada ka kankare tsatsa da fayil, tambarin zai tafi. Kada kuma ka gwada harbi, wata da albarushin shekaru a cikinta.

Ni roƙona ɗaya: kafin 'yan gwangwan su auna ta a kilo, a tuntuɓi Gidan Makama. Ku tambayi dattijon gidanku labarinta tun yana raye.