Tarihin Binciken Lissafi na Ɗaliban Jami'a a Dogon Hutu a Amurka

Shekaru da dama yawancin malaman lissafi a jami'o'in Amurka sun ɗauka cewa ɗalibin da bai gama digiri na farko ba ba shi da abin da zai ƙara wa wannan fanni. A ganinsu aikinsa shi ne ya karanci abin da magabata suka warware, bincike kuwa sai ya kai matakin babban digiri. Siyasar duniya ce ta fara girgiza wannan ra'ayi.

A watan Oktoba na 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, watau Sputnik. Hankalin mahukuntan Amurka ya tashi, don suna ganin an tsere musu a fagen kimiyya. A 1958 Hukumar Kimiyya ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NSF, ta buɗe shirin ba ɗalibai kuɗi domin su yi bincike a hannun malamansu, musamman a dogon hutun Yuni zuwa Agusta. Shirin ya yi wa masu ɗakin gwaje-gwaje sauƙi, amma a lissafi sai an sami tambayar da ba a taɓa amsawa ba, wadda kuma ba ta fi ƙarfin ɗalibi ba.

Joseph Gallian na Jami'ar Minnesota da ke Duluth ya nuna hanya tun daga 1977. Yakan ba kowane ɗalibi tambaya tasa daga fannonin da ake fahimtar matsalarsu ba tare da doguwar share fage ba, kamar ilmin lambobi da ilmin ƙirge. Gwamnatin Reagan ta soke shirin NSF a 1981, sa'an nan aka farfaɗo da shi a 1987 da sunan REU.

Ba a daɗe ba aka ga amfaninsa. A 1990 ɗaliban da Frank Morgan ya jagoranta a Kwalejin Williams suka ɗauki wannan tambaya: in za a kewaye filaye biyu masu ƙayyadadden girma, kowane daban, wane fasali ne zai fi ƙarancin cin shinge? Suka tabbatar cewa shi ne fasalin kumfar sabulu biyu a manne, watau baka uku masu haɗuwa a kusurwar digiri 120. An buga sakamakon a 1993. Haka kuma Manjul Bhargava, wanda ya halarci shirin Duluth a 1995, ya sami lambar Fields a 2014.

Duk da haka shirin bai rabu da rauninsa na asali ba, domin rayuwarsa tana hannun masu kasafin kuɗi. A 2025 wasu jami'o'i sun soke nasu saboda rashin tabbas game da kuɗin NSF. Ke nan gardamar ko ɗalibi zai iya bincike ta ƙare, wadda ta rage ita ce ta wanda zai ɗauki nauyinsa.