Daga Ganuwa Zuwa Ramin Yaƙi: Yadda Yaƙin 1914 Ya Cije, da Abin da Ya Jawo wa Ƙasar Damagaram

Gabatarwa

A watan Agustan 1914 manyan ƙasashen Turai suka faɗa wa juna da yaƙi, kowace na ganin kafin shekara ta ƙare za ta gama da abokiyar gabarta. Ko da Disamba ta kama, sojojin Jamus a gefe guda, na Faransa da Ingila da Beljiyam a ɗaya gefen, duk sun nutse cikin ramuka da suka miƙe kimanin kilomita 700, tun daga gaɓar Tekun Arewa har iyakar Suwizalan. Sama da shekara uku aka yi ana zubar da jini, layin nan bai gusa wani abin a zo a gani ba.

Bayanin da aka fi yaɗawa shi ne janar-janar ɗin lokacin ba su da basira, suka riƙa tura samari bakin wuta. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta isa ta bayyana yadda hafsoshin ƙasashe daban-daban suka faɗa rami ɗaya a lokaci ɗaya ba. Hujjar wannan maƙala ita ce, yaƙi yana cijewa ne idan mai tsaro ya fi mai kai hari saurin toshe ɓaraka, kuma da zarar ya cije sai ya koma gasar wa ya fi yawan mutane da abinci. A nan ne wutarsa ke isa ga manomin da bai san dalilin faɗan ba, har da na Magarya da Dungas a ƙasar Damagaram.

Abin da ƙasar Hausa ta sani game da ganuwa

Magarya da Dungas suna kan hanyar da ta haɗa Zinder da Kano, don haka a ƙarni na 19 sun sha ganin wucewar rundunoni. Dungas na cikin ƙasashen Sosebaki, tare da Mirriya da Waca, waɗanda Damagaram ta shigar ƙarƙashin ikonta. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birnin Zinder da garu, ya tara 'yan bindiga, ya kuma sa maƙera suka riƙa zuba masa igwa a gida. Da wannan ƙarfi ne Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya kai wa Kano yaƙi a ƙarshen shekarun 1890, zamanin Sarkin Kano Alu Babba. Ya ratsa ƙasar har wajejen Gezawa, ya yi ɓarna mai yawa, amma bai ci birnin ba.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san yaƙin wancan zamani. Doki ba ya tsallake gwalalo ya hau garu. Maharbi ɗaya a bayan ganuwa yana iya tare mutum da yawa da ke tahowa a sarari. Mai kai hari kuma yana cin guzurin da ya ɗauko ne, ga damina na jiransa a gida. Saboda haka yaƙin kan ƙare da kwasar ganima a ƙauyuka, manyan birane na nan daram.

Zuwan Turawa ya rushe wannan lissafi. A ƙarshen Yulin 1899 rundunar Faransawa ta karya ta Kuran Daga a Tirmini, ta shiga Zinder. A Fabrairun 1903 igwar Ingilishi ta fasa ƙofar Kano cikin yini guda, sannan bindigar Maxim ta yi kaca-kaca da mahaya a Sakkwato da Burmi a wannan shekarar. Hafsoshin Turai sun ga aikin wannan bindiga da idonsu, sai dai kullum daga bayanta suke kallo. Abin da ba su auna da kyau ba shi ne ranar da kowane ɓangare zai riƙe irinta.

Yadda aka shiga rami

Shirin Jamus, wanda ake dangantawa da Janar Shilifen, shi ne ta ratsa Beljiyam, ta zagaye rundunar Faransa cikin makonni shida, sannan ta juya kan Rasha. Faransa ita ma ta ɗora begenta kan farmaki da ƙarfin zuciya. A ranar 22 ga Agustan 1914 kaɗai an kashe sojojinta kimanin 27,000. Jamusawa suka kusa Faris, amma sun gaji da tafiyar ƙasa, sun yi wa layin dogonsu nisa. A makon farko da na biyu na Satumba aka tare su a kogin Marne, suka ja da baya zuwa tuddan kogin Aisne, suka haƙa ramuka. Da aka kasa fitar da su ta gaba, sai kowane ɓangare ya shiga neman zagaye ɗan'uwansa ta arewa. Haka aka yi ta yi har aka ci karo da teku, aka rufe da gumurzun Ypres a Oktoba da Nuwamba.

Wannan ne ya bambanta ramin 1914 da ganuwar Kano. Ganuwa tana kewaye gari ne, runduna na iya barinta ta wuce. Ramin Turai kuwa ba shi da gefen da za a bi: teku ta tare arewa, ƙasar da ba ta cikin yaƙi ta tare kudu, miliyoyin sojoji sun cike tsakani. Kuma babu damina da za ta sallami kowa ya koma gona.

Abin da ya hana a fasa layin

Abu na farko wuta ce. Bindigar Maxim da ire-irenta suna fitar da harsashi kusan 500 a minti ɗaya, igwar Faransa mai bakin milimita 75 tana harba goma sha biyar a minti. Waya mai ƙaya tana riƙe soja a fili har wuta ta same shi. Tun 1898 wani attajirin Folan mai suna Bloch ya rubuta cewa yaƙi na gaba zai zama na ramuka, kuma yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905 ya nuna alamar haka.

Amma wuta ita kaɗai ba ta bayyana komai ba, domin sau da dama an ci ramin farko. A 22 ga Afrilun 1915 Jamusawa suka saki iskar guba a Ypres, layi ya buɗe na kilomitoci, amma ba su da rundunar da za ta kutsa. Matsalar ita ce abin da ke biyo bayan fasawa. Mai kai hari yakan yi kwanaki yana luguden igwa don share waya, wannan kuwa sanarwa ce ga abokin gaba cewa ga inda za a zo. Luguden yana mai da ƙasa taɓo da ramuka, sai soja ya ratsa ta da ƙafa, igwarsa ta kasa bin sa. Wayar tarho ta tsinke, kwamanda bai san inda mutanensa suka kai ba sai ɗan aike ya dawo, in ya dawo. Shi kuwa mai tsaro yana da layin dogo lafiyayye a bayansa, jirgin ƙasa na sauke masa sabbin dakaru cikin sa'o'i. Mai hari na tafiya da ƙafa, mai tsaro na tafiya da jirgi. A wannan rata ne yaƙin ya maƙale.

Shekarar 1916 ta nuna tsadar abin. A Verdun, daga Fabrairu zuwa Disamba, Faransa da Jamus sun yi asarar mutum kimanin 700,000 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace. A kogin Somme, ranar 1 ga Yuli kaɗai Ingila ta rasa fiye da 19,000 matattu, bayan wata huɗu da rabi kuma abin da aka ci bai wuce kilomita goma ba. Laifin janar-janar na gaskiya shi ne maimaita hari bayan sun ga sakamakonsa. Cijewar kanta kuwa kayan yaƙin zamanin ne suka haifar da ita.

Garwa da Mora

Wanda ke zaton yawan masana'antun Turai ne kaɗai ke kawo irin wannan, sai ya dubi arewacin Kamaru, inda sojojin Rundunar Nijeriya, waɗanda Hausa ce harshen umarninsu, suka fuskanci Jamusawa. A ƙarshen Agustan 1914 wata runduna ta taso daga Yola ta auka wa Garwa, wadda aka kewaye da ramuka da waya da manyan bindigogi. Aka kori rundunar, kwamandanta Laftanar Kanar MacLear ya mutu a wurin. Garwa ba ta faɗi ba sai 10 ga Yunin 1915, bayan Ingilishi da Faransawa sun jawo manyan igwa, suna haƙa rami da dare suna matsowa kaɗan-kaɗan.

A Mora kuwa, Kyaftin von Raben ya haye dutse da 'yan ɗaruruwan sojoji, akasarinsu 'yan Afirka, ya giggina shingayen duwatsu. Dakarun da suka zo daga Maiduguri da Cadi sun kewaye shi tun Agustan 1914, sun kai hari sau da yawa ba nasara. Bai miƙa wuya ba sai 18 ga Fabrairun 1916, bayan sauran Jamusawan Kamaru sun tsallaka zuwa maƙwabciyar ƙasar da Sifaniyawa ke mulka. Bindiga mai aman wuta da mafaka mai kyau sun isa su tsayar da runduna wata goma sha takwas.

Abin da ƙasar Damagaram ta biya

Da yaƙi ya koma na ƙare-dangi, Faransa ta waiwayi ƙasashen da ta mallaka. Tun 1910 Kanar Mangin yake kiran a kafa babbar runduna ta baƙar fata. A tsawon yaƙin an ɗebi 'yan Afirka kusan 200,000 cikin rundunar da ake kira ta Senegal, ko da yake daga ƙasashe da dama aka tattaro su, kimanin 30,000 kuma ba su dawo ba. Su ne aka sa a sahun gaba a Chemin des Dames ranar 16 ga Afrilun 1917, cikin sanyi da ruwan ƙanƙara, a harin da ya jawo boren sojojin Faransa.

A lokacin Zinder ce hedikwatar mulkin soja na Nijar, tun 1911, kuma yaƙin ya tarar da ƙasar tana fita daga yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba. A kan wannan hali aka ɗora haraji, aikin dole, da karɓe raƙuma da hatsi. Karɓar raƙuma na cikin abin da ya tunzura Abzinawa, har jagoransu Kawsan ya kewaye barikin Agadas daga Disambar 1916 zuwa farkon Maris 1917. Su ma 'yan tsirarun sojojin da ke cikin barikin sun riƙe shi da bindiga a bayan katanga har agaji ya iso daga Zinder. Ga mutanen kudu kuwa, iyakar da aka shata tsakanin 1906 da 1908 ta bar Babura da Daura a hannun Ingilishi, kuma ƙaura zuwa can ta zama hanyar da talakawan bakin iyaka ke bi idan nauyin mulkin Faransa ya yi yawa.

Kammalawa

Layin bai motsa sosai ba sai 1918, lokacin da aka koyi harba igwa ba tare da dogon gargaɗi ba, aka haɗa ta da tankokin yaƙi da jiragen sama da ƙananan rukunonin soja, ga Amurka ta shigo, ga takunkumin teku ya jefa Jamus cikin yunwa. An tsagaita wuta a 11 ga Nuwamba. Abin ya sake faruwa tsakanin Iran da Iraƙi daga 1980 zuwa 1988, tsakanin Habasha da Eritiriya daga 1998 zuwa 2000, da kuma a gabashin Yukiren bayan 2022. Duk shugaban da ya yi alkawarin gajeren yaƙi da abokin gaba mai irin makamansa, ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa. Ya rage ga masana tarihi, musamman na Jami'ar André Salifou da ke Zinder, su tattara abin da zuriyar mazan jiya a Magarya da Dungas ke riƙe da shi na wannan zamani tun masu ba da labarin suna raye.