Shaihu Umar a Hannun Ɗan Shekara 12

Ƴan uwa ɗalibai, akwai gardamar da ke tasowa duk lokacin da aka zo zaɓen littafin da za a karanta wa ƙannenmu ƴan CM2 da ƴan ajin farko na koleji. In an ce Ruwan Bagaja, kowa sai ya yi na'am. In an ce Shaihu Umar, sai ɗaki ya rabu biyu. Wasu su ce ai labarin bauta ne, ga satar yaro, ga uwa da aka sayar, me ya haɗa ɗan shekara 11 ko 12 da wannan? Wasu kuma su ce a miƙa musu kawai, in sun girma za su gane. Ni dai ina ganin sai mun waiwayi tarihin littafin da na ƙasarmu kafin mu yanke hukunci.

A 1933 ne Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko, don a lokacin ƴan makaranta ba su da abin karantawa da Hausa sai ɗan kaɗan. Littattafai 5 suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa, sai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934. Ɓalewa a lokacin saurayi ne ɗan shekara 22, malamin makaranta a Bauci, tun kafin ya zama firaministan Najeriya. Ka ga ke nan malamin aji ne ya rubuta shi, kuma ƴan aji ne suka fara karanta shi. Sannan dokar da ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya sai a 1936 ta fito. Yaran farko da suka riƙe littafin nan sun san bayi da idonsu, wasu ma a gidajensu.

Ga wanda bai karanta ba, labarin a taƙaice shi ne: wani babban malami a Rauta, kusa da Bauci, almajiransa suka tambaye shi asalinsa. Sai ya ba su labarin yadda aka haife shi a Kagara, aka yi wa mijin uwarsa Makau ƙazafi a fada aka kore shi, shi kuma aka sace shi yana ƙarami. Daga hannu zuwa hannu ya faɗa wurin wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya tafi da shi ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Uwarsa ta fita nemansa, aka yaudare ta, aka mai da ita baiwa, aka ƙetara hamada da ita. Sun sadu daga ƙarshe, amma ba ta jima ba ta rasu.

To, wani zai ce ai wannan na Najeriya ne. A'a. Manyan hanyoyin da ayari ke bi zuwa Tarabulus ta cikin ƙasarmu suka ratsa: ɗaya daga Kano ta Damagaram da Abzin zuwa Gat, ɗaya daga Borno ta Bilma zuwa Murzuk. James Richardson, matafiyi ɗan Ingila, ya zauna a Damagaram a farkon 1851, ya kuma rubuta yadda ya ga ana shigowa da kamammu bayan hari, har da ƙananan yara. A wannan zamanin ne aka kama wani yaro mai suna Dorugu, haifaffen Dambanas a ƙasar Damagaram, shekarunsa ba su wuce na ƴan CM2 ba. Aka kai shi har Kukawa, inda wani Bajamushe, Adolf Overweg, ya ƴanta shi. Ya bi Heinrich Barth zuwa Tambutu, ya isa Ingila a 1855, can ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa, J. F. Schön ya rubuta, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ɗaya daga cikin tsofaffin labaran rayuwa da aka buga da Hausa, na yaron ƙasarmu ne da aka sayar.

Kuma abin bai tsaya a ƙarni na 19 ba. Faransa ta fitar da dokar hana cinikin bayi a yankunan da ta mallaka a Afirka ta Yamma a watan Disamba 1905, amma a Nijar sai a 2003 aka sa bauta cikin manyan laifuffuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Ƙungiyar Timidria tun 1991 take wannan gwagwarmaya. Ran 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukunci cewa gwamnatin Nijar ta kasa kare Hadijatu Mani, wadda aka sayar a yankin Ƙonni a 1996 kan kuɗi jika 240, aka kuma umurci a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Shekararta nawa ranar da aka sayar da ita? 12. Shi ya sa in aka ce mini ɗan shekara 12 ya yi ƙanƙanta da jin labarin bauta, sai in ce ai masu sayen ba su taɓa ganin ya yi ƙanƙanta ba.

Duk da haka masu tsoro suna da gaskiyarsu, sai dai haɗarin ba a wurin da suke nunawa yake ba. Yaron da ya tashi da tatsuniyar Dodo da Kura ba mutuwa cikin labari ce za ta firgita shi ba. Haɗari na farko yana cikin ajin kansa. A benci ɗaya akwai jikan wanda ya mallaka da jikan wanda aka mallaka, kuma har gobe ana fasa aure a garuruwanmu saboda an bincika asali. In mushe ya yi sakaci, da an fita shan iska kalmar bawa ta zama abin gori, wani yaro ya koma gida da kuka. Haɗari na biyu yana cikin littafin. Shaihu Umar yana ba da labarinsa cikin haƙuri da tawakkali, ba ya tsayawa ya la'anci cinikin, kuma ubangidansa mutumin kirki ne. Yaron da aka bari shi kaɗai zai iya rufe littafin yana cewa ashe bautar ma alheri ta zamar masa, tunda ya zama shaihi.

Don haka shawarata ita ce a karantar da shi, amma kada a sake wa yaro shi kamar an ba shi alewa. A karanta a bayyane, kaɗan kaɗan, ana tsayawa ana hira. A zana taswira a tablo, yara su nuna Kano, Damagaram, Bilma da Murzuk da yatsansu. A dage kan uwar, don ita ce ta biya kuɗin malantar ɗanta: wa ya yaudare ta, wa ya ci riba, me ta yi da ta cancanci haka? A tambaye su, cikin yaran da aka kora tare da Umar, nawa ne suka sami irin Abdulkarim? Tun ranar farko a kafa doka cewa ba a tambayar kowa asalin gidansu, kuma ba a yin wasan kwaikwayon da za a sa wani yaro ya fito a matsayin bawa ana taya shi. Zancen ƙwarƙwara da wahaya kuwa, ya isa a ce musu an raba mata da iyayensu an tilasta musu zaman da ba su so. Sauran bayani ya jira su kai lise. Iyaye ma a sanar da su tun kafin a fara, kada su ji a bakin yara.

Tun 1973 aka buɗe lakwal ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, kuma har yau kukan malamai shi ne ƙarancin abin karantawa. Ga aiki nan a gabanmu. Labarin Dorugu yana nan cikin tsohon rubutu, babu baƙaƙe masu ƙugiya, yaro ba zai iya da shi ba. Mu da ke da alƙalami da injin hoto a bakin kasuwa, me zai hana mu zauna mu mai da shi rubutun yau, shafi 20 ko 30, a ajiye shi kusa da Shaihu Umar? Yaro ya karanta na Kagara da aka ƙaga, ya karanta na Dambanas da ya faru, sannan ya kwatanta da kansa.