KUSUGU: Rijiyar da kowa ya haddace labarinta amma kaɗan suka leƙa ta

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, sai a yi haƙuri.

Tun ranar 15 ga Yuli, 2025, da aka yi jana'izar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa da rahama, sunan Daura ya sake cika bakin duniya. Shugabanni, gwamnoni, sarakuna, 'yan jarida, baƙi daga Nijar da wasu ƙasashe, duk sun taka ƙasar Daura. To tambayata ita ce: a cikin wannan taron, mutum nawa ne suka ce a kai su Kusugu kafin su juya? Rijiyar tana nan cikin gari, ba nisa da fadar mai martaba, a cikin ginin da aka kewaye ta da shi, kuma har gobe ana jawo ruwa a cikinta. Amma ɗan bokonmu zai ba ka labarin fadar Topkapi ta Istanbul ɗaki-ɗaki, ya nuna maka hotunansa a gaban dalar Masar, in ka tambaye shi Kusugu sai ya ce ai ya karanta a firamare.

Bari mu tuna abin da muka karanta ɗin, don na lura matasa da yawa rabinsa kawai suka riƙe.

Labarin ya ce Bayajidda, wanda wasu ke kira Abuyazidu, ɗan sarkin Bagadaza ne. Ya baro gida da mayaƙansa ya sauka Borno, Mai ya aura masa 'yarsa Magira. Da zama ya yi tsami sai ya gudo yamma da matarsa, ya bar ta a Garun Gabas, ƙasar Haɗeja ta yanzu, inda ta haifi Biram. Ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa. Ta ce ɗana, ai nan garin ba a samun ruwa sai ranar Juma'a, saboda macijin da ke cikin rijiya, wanda ake kira Sarki. Ya karɓi guga ya tafi, macijin ya fito, ya sare kansa. Gari ya waye, Magajiya Daurama ta nemi wanda ya yi wannan aiki, aka same shi, aka yi aure. Kuyangar da ta ba shi, Bagwariya, ita ta fara haihuwa, ta sa wa ɗanta Karɓagari. Da Daurama ta haifi nata sai ta mayar da martani da suna Bawo, wato a bawo garin. (Kishi dai ba yau aka fara ba.) 'Ya'yan Bawo shida suka riƙe Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano, aka haɗa da Biram, aka sami Hausa Bakwai.

Wannan shi ne labarin. Yanzu ga inda nake so mu ɗan tsaya.

Duk wanda ya ce maka Bayajidda ne uban Hausawa, ka ce ya sake sauraron labarin da kunnen basira. Mutumin nan ya tarar da gari mai sarauniya da fada. Ya tarar da rijiya da aka riga aka haƙa. Ya tarar da maƙera a Gaya waɗanda suka iya sarrafa ƙarfe har suka yi masa makami. Ya yi magana da Ayana ta gane shi. Jerin sarautar Daura kansa ya lissafo sarakuna mata da yawa kafin zuwansa, tun daga Kufuru, su Gino, Yakumo, Yakunya, Gizirgizir, Innagari, kuma ana cewa mazauninsu na farko shi ne Tsohon Birni kafin a dawo inda Daura take a yau. Ashe labarin da kansa yana shaida cewa akwai mutane da mulki da sana'a tun kafin baƙo ya iso. Binciken ƙasa ma ya goyi bayan haka, domin an sami alamun narka tama a Dutsen Dala na Kano tun wajen ƙarni na 7.

Marigayi Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi wannan bayani tun 1970: labarin Bayajidda ba zai zama bayanin asalin al'umma ba, iyakarsa ya nuna wani sauyi da aka samu a sarauta. Ni ma a nan na tsaya. Abin da ya faru a bakin Kusugu, a fahimtata, shi ne mulki ya tashi daga hannun mata ya koma hannun maza, kuma masarautu bakwai suka sami labari ɗaya da ke cewa su 'yan ɗaki ɗaya ne, ko da kuwa gobe za su fita yaƙi da juna, kamar yadda Kano da Katsina suka sha yi.

Akwai masana da suka bi sawun sunan. Wani Bature mai suna Hallam, a 1966, ya danganta Bayajidda da Abu Yazid, ɗan tawayen nan na Arewacin Afirka da ya tayar wa daular Faɗimiyya hankali, wanda ake wa laƙabi da mai jaki, ya mutu a 947. Ra'ayin shi ne magoya bayansa da suka tsira sun gangaro kudu da sunansa. Hasashe ne, amma lokacin ya yi kusa da 999, shekarar da aka saba ba wa hawan Bagauda a Kano. Sannan ku lura da batun Juma'a a cikin labarin. Me ya haɗa mutanen da ke tsoron maciji a rijiya da ranar Juma'a? Wannan ya nuna labarin ya ratsa bakin Musulmi, sun ba shi irin nasu launi. Shi kansa zancen maciji mai riƙe da gari da baƙon ko saurayin da ya kashe shi, ba mu kaɗai ke da shi ba. Soninkawa na tsohuwar daular Gana suna da nasu macijin, Bida na Wagadu. Bambancin shi ne su kashe macijin ya jawo musu fari da watsewa, mu kuwa ya buɗe mana ruwa.

Wani zai ce to in tatsuniya ce, me za a je gani? Ai Rum ma da labarin tagwayen da kyarkeci ta shayar take tinƙaho, kuma ba wanda ya fasa zuwa saboda haka.

Ga kuma ɓangaren da ba tatsuniya a cikinsa, wanda a ganina ya fi na macijin ban mamaki. A 1805, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Isiyaku ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fice da jama'arsa. Zuriyarsa ba su watse ba, suka kafa mazauni a Zango da Ɓaure, suka yi ta riƙe da sunan sarautar kusan shekara ɗari. Da Turawan Ingila suka zo a farkon ƙarni na 20, sai suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da shi gadon kakanninsa. Ku duba maƙwabta ku gani. Sarakunan Haɓe na Katsina suna Maraɗi har yau. Na Zazzau suna Suleja, wadda a da ake kira Abuja. Na Gobir suna Tsibiri. Na Daura su ne suka koma gida. Bayan Musa, ɗansa Abdurrahman ya yi shekara 55 a kan gado, daga 1911 zuwa 1966. Sai Alhaji Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sannan mai martaba Alhaji Umar Faruk Umar, sarki na 60, Allah Ya ƙara masa lafiya. Wani masani, M. G. Smith, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan tarihi, The Affairs of Daura, a 1978. Ɗalibanmu nawa suka taɓa ganin bangonsa, balle a yi zancen fassara shi da Hausa?

Yanzu mu leƙa abin da wasu suka yi da irin wannan gado. Turkiyya ta mayar da Topkapi gidan tarihi a 1924. Kada ma mu je nesa. Fadojin Abomey a Jamhuriyar Benin sun shiga jerin UNESCO tun 1985. A Kumasi, inda 'yan uwanmu na Zango suke, an buɗe gidan tarihi a fadar Manhyia a 1995, sarki yana mulkinsa, baƙi suna biyan kuɗi suna shiga tsohuwar fada. Agadas ta shiga jerin a 2013. Nijeriya mai mutum sama da miliyan 200 wurare biyu kacal gare ta, Sukur a Adamawa da kurmin Osun a Osogbo. Ko ɗaya babu daga ƙasar Hausa. An dai sa Hawan Sallar Kano a jerin al'adu a Disambar 2024, muka yi murna, amma wuraren da kansu suna jira.

Mu da muke aikin gwamnati mun san yadda abin yake tafiya. In aka zo kasafin kuɗi, al'adu da yawon buɗe ido su ne a shafin ƙarshe, su ne kuma farkon waɗanda ake yankewa. In ma an saki kuɗi, fenti da katanga ake fara tunawa, don su ake iya ɗauka a hoto ranar buɗewa. Alhali abin da ke riƙe baƙo a wuri shi ne mai bayani da aka horar kuma ake biyansa albashi, da rubutu a bango cikin Hausa da Ingilishi da Faransanci, tunda Kwangwalam ga ta nan kusa kuma mutanen Damagaram da Maraɗi tarihinsu ne su ma. Sai ɗan littafi mai araha da ɗalibi zai saya, da banɗaki mai tsafta, da inuwar zama. Na fi damuwa da masu bayanin. Dattawan fada da maroƙa da makaɗan da suka haddace jerin sarakuna da kirarinsu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace waya da ke aljihunmu tana iya naɗar murya.

Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ana aikinsa, kuma ta Daura zai bi. Ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya an kafa a garin. Baƙi za su ƙaru ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Wanda ke son zuwa, shawarata ya daidaita tafiyarsa da watan Rabi'ul Awwal, lokacin Sallar Gani, ya ga hawan Daura da idonsa. Ya fara da Kusugu da safe, ya wuce ƙofar fada. In zai nufi Katsina ya ratse ƙasar Mani ya ga Durɓi Takusheyi, kaburburan manyan da aka tona a 1907 aka kuma sake tonawa a 1992, inda aka sami zinariya da kayan tagulla da hauren giwa da wuri, wasu tun na ƙarni na 13 zuwa 14. Da la'asar yana Katsina, ya ga Hasumiyar Gobarau da tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka mayar gidan tarihi. A tafi da yara, a kuma riƙe 'yar jarka, don ba a rasa mai cewa a kawo masa tsarabar ruwan Kusugu.