Shin tsirrai na jin sauti? Abin da binciken kimiyya ya tabbatar

An daɗe ana yaɗa cewa kunna wa shuka kiɗa na ƙara mata girma da yawan amfani. Maganar ta samu karɓuwa ne a 1973, shekarar da Peter Tompkins da Christopher Bird suka fitar da littafinsu The Secret Life of Plants, Dorothy Retallack kuma ta wallafa gwajin da ta yi a Amurka, inda ta ce tsirrai sun fi walwala da kiɗa mai taushi. Masana sun soki waɗannan ayyuka saboda raunin tsarin gwajinsu. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa tsiro na amsa sauti, amma sautin da ya shafi rayuwarsa.

Yadda tsiro ke ji

Tsiro ba shi da kunne ko ƙwaƙwalwa. Sauti girgiza ce da ke ratsa iska, ruwa ko ƙasa. Idan ta taɓa ganye ko saiwa, sai ta motsa fatar ƙwayoyin halittar tsiron, wasu ƙananan ƙofofi su buɗe, sinadarin kalsiyam ya kwarara ciki. Wannan ne saƙon da ke sa tsiron ya sauya irin sinadaran da yake sarrafawa.

Tsutsa, ƙudan zuma da ruwa

A 2014, Heidi Appel da Rex Cocroft na Jami'ar Missouri sun naɗi girgizar da tsutsa ke yi yayin cin ganye, suka kunna wa tsiron Arabidopsis, ɗan dangin kabeji. Da tsutsa ta far wa tsirran daga baya, waɗanda aka kunna wa girgizar sun fi sauran samar da sinadaran kariya. Girgizar iska ba ta haifar da hakan ba.

A 2017, Monica Gagliano ta Jami'ar Yammacin Ostireliya ta ba da rahoton cewa saiwar wani nau'in wake na karkata wajen bututun da ruwa ke gudu a ciki, ko da ƙasar a bushe take.

A 2019, tawagar Lilach Hadany ta Jami'ar Tel Aviv ta gano cewa furen Oenothera drummondii na ƙara zaƙin ruwansa da kimanin kashi 20 cikin 100 a minti 3 da jin ƙugin ƙudan zuma. A 2023 kuma, tawagar ta bayyana a mujallar Cell cewa tumatir da taba na fitar da ƙara sau 30 zuwa 50 a awa idan ƙishirwa ta kama su ko aka yanke su. Ƙarar ta wuce abin da kunnen ɗan Adam ke iya ɗauka.

Abin da ya shafi manomi

Inda amfanin girgiza ya fi fitowa fili shi ne barbarar fure. Furen tumatir da na yalo na riƙe garinsu a cikin ɗan bututu, sai an jijjiga su yake zubowa da kyau. Ƙudan zuman amya ba ya wannan jijjigar. Aikin wasu nau'o'insa na daji ne, tare da iska. Shi ya sa masu noman tumatir a rufaffun ɗakuna a Turai ke sayen irin waɗannan ƙwari, ko su bi furanni da sandar lantarki mai karkarwa.

Galibin gwaje-gwajen da aka ambata a ɗakin bincike aka yi su, kuma babu wanda ya auna yawan amfanin gona. Saboda haka duk wanda ya tallata wa manomi na'urar kiɗa da sunan ninka girbi, a tambaye shi hujjar gwaji a gona. Rage feshin maganin ƙwari lokacin da tumatir ke fure ya fi kusa da abin da kimiyya ta tabbatar, domin yana kare ƙwarin da ke yi wa furen barbara.